Dije Mai Kitso da Matar Madugun Sama

A Mai Wurno in aka ce Dije sai an ƙara da mai kitso, domin Dijen garin suna da yawa. Ita wannan doguwa ce siririya, ba ta iya zama wuri ɗaya sai in da kan mutum tsakanin gwiwoyinta. Ko a lokacin ma ƙafarta ta hagu ba ta daina kaɗawa, har matan da ke zuwa kitso suka saba da jin kansu yana rawa a hankali kamar suna bayan lori.

A hanya aka haife ta, wani wuri tsakanin Fashir da Ubayyid, iyayenta suna tafiya Makka da ƙafa. Da suka iso Jazira guzuri ya ƙare, ubanta ya ce bari a tsaya a tsinci auduga kaka ɗaya a sami na jirgin ruwa. Kaka ɗayar nan ce ta cinye sauran rayuwarsa, aka binne shi kusa da magudanar ruwan gonakin da ya yi wa aiki. Dije tana ƙarama aka kai ta aikatau Wad Madani, gidan wani ma'aikacin jirgin ƙasa. A can ta koyi abu biyu. Na farko kitson Larabawa mai ƙanana-ƙanana, wanda ake wuni biyu ana yi. Na biyu Larabcin rediyo, wanda ba irin na kasuwa ba ne, matan unguwarsu in sun tsinci kalma ɗaya a cikinsa sai goma su wuce su.

Da ta isa aure ta dawo wajen dangin uwarta a Mai Wurno, ta auri Mati, ɗan farin wata tsohuwa da ake kira Inna Indo. Auren so ne, kowa ya shaida. Shekara biyu suka yi Allah bai ba su haihuwa ba, sai Mati ya bi wani ayari zuwa bakin teku. Ya ce zai ƙetare ya sauke farali, ya yi ɗan aiki a Jidda, ya aiko a ɗauko su su biyu. Shekarar farko wani alhaji ya kawo gaisuwarsa da dabino ƙulle a ƙyalle. Daga nan shiru. Wani ya ce ya gan shi yana dako a tashar jirgin ruwa, wani ya ce a'a, wanda aka gani gajere ne. Wani kuma ya kawo labarin wani kwalekwale da ya nutse da mutane. 'Yan yaran da Dije ta yi wa kitson farko suna ihu a shekarar da ya tafi, yanzu ita ke yi musu na amarci.

A gidan nan babu mai iya kiran sunansa. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, mata ba ta faɗin na mijinta, suruka kuma ba ta buɗe baki ta yi wa uwar mijinta maganar aurenta. Inna Indo takan ce “wancan,” Dije takan ce “shi,” su ma ba kullum ba. Dije ke ciyar da gidan da kitso, in kaka ta yi kuma ta fita tsintar auduga. Tsohuwar tana zaune a tabarma da mazarinta tana kaɗi. Ba su taɓa yin faɗa ba, ba su kuma taɓa yin maganar da ta fi ta miya da ruwa da ciwon gwiwa ba.

Ana nan sai ga maganar Jibo. Masunci ne, matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu ƙanana. Shi da bakinsa bai taɓa ce wa Dije komai ba ban da sannu, don matar aure ce, ya san iyakarsa. Ƙanwarsa Asabe, ƙawar Dije, ita ce ba ta san tata iyakar ba.

“Yaya bai aiko ni ba, ni na aiko kaina,” in ji ta wata rana suna dawowa daga kogi. “Masunta za su koma Rusairis, bayan sabuwar madatsar ruwa. Lori zai kwashe su kafin ruwan farko, don in laka ta jiƙa hanya ta rufe ke nan sai kaka. Akwai wata bazawara can da baffanmu ya yi masa maganarta saboda yaran. Amma in ya ji kin kai ƙara gaban alƙali a Sinnar a raba auren nan, na san shi, zai ce wa baffa ya dakata, ya dawo da kaka.”

“Alƙali shaidu zai nema,” in ji Dije.

“Garin nan kaf shaida ne.”

“Wa zai tsaya gaban alƙali ya ce an watsar da ni, Inna na zaune tana cewa gobe zai dawo?”

Asabe ta gyara tulunta, ta san gaskiya ce. Babu namijin da zai tsallake tsohuwar ya je ya ba da shaida a kan ɗanta. Maganar tana hannun Inna Indo, kuma duk duniya ita ce mutum ɗaya da Dije ba za ta iya yi wa maganar ba.

Kantin Ɗan'auta bayansa ya jingina da katangar gidan su Dije. A shekarar nan ne ya sayo rediyo mai batir daga Wad Madani, ya kafa shi a kan buhun sukari. Duk Alhamis bayan la'asar akan sa wani wasan kwaikwayo na wasu mutane da suka hau jirgi suka bar duniya, suna neman wata tauraruwa mai ruwa da ƙasar noma. Sunan wasan na Larabci ne mai tsawo, mutanen Mai Wurno suka ce Ayarin Sama. Shugaban jirgin suka sa masa Madugu. Akwai kuma wani mutumin ƙarfe da ke yi musu hidima, mai magana kamar daga cikin tulu, shi ya zama Ɗan Ƙarfe.

Dije tana wanke tukunya a gindin katanga ta fara jin wasan, ba da niyya ba. Muryar wata mace ce ta tsayar da ita, Nawal, matar Madugu, tana yi masa sallama. Ya ce mata shekara guda zai yi ya dawo. A mako na biyu wani masani ya zo ya gaya wa Nawal abin da aka ɓoye mata: jirgin yana gudun da lokaci ba ya iya bin sa, shekara guda a cikinsa, a nan duniya jariri ya yi furfura. Nawal ta tambaye shi, “To ni yanzu matar aure ce, ko me?” Sai kiɗa ya tashi, aka ce a tara mako mai zuwa. Dije ta duba ta ga ta daɗe tana goge wuri ɗaya a jikin tukunyar.

Washegari Juma'a ta ba matan da suka zo kitso labarin. Kafin wata ya zagayo, safiyar Juma'a ta zama ranar da tsakar gidan ke cika, har da waɗanda kitsonsu bai tsufa ba. Dije takan ba da wasan daga farko har ƙarshe da tsinken kitso a hannu. In ta zo kan Ɗan Ƙarfe sai ta kara gwangwani a baki ta yi muryarsa, yara su ruga bayan uwayensu.

Maza su ma suna da tasu. Da zarar kiɗan ƙarshe ya ɗauke, gardama ke tashi a bencin kanti, Dije takan tsaya ta ji ta bayan katanga.

“Ni abin da ban gane ba,” in ji Abdulmuttalib ladan, “ina suke fuskanta in za su yi salla? Makka tana ƙarƙashinsu.”

“Sai su yi ruf da ciki,” in ji Ɗan'auta.

“Ka ji shi. Kai da alƙibla ke gaban hancinka ma sai an kira ka sau biyu.”

“Malam, bar wannan. Ɗan Ƙarfe bawa ne ko ɗa? In Madugu ya mutu, cikin gado za a sa shi?”

“Tukunya baiwa ce? Ƙera shi anka yi.”

“Tukunya ba ta cewa tana jin tsoro. Da kunnenka ka ji shi ran da tankin ruwa ya huje.”

“Likitan jirgin nan ne ya huda tankin,” in ji wani daga ƙarshen benci. “Duk mai dariya ta hanci ba shi da gaskiya.”

“Surukinka ta hanci yake dariya, ka ba shi 'yarka.”

A makon da rabin ayarin suka sauka a wata jar duniya, suka ce za su yi noma damina ɗaya su tara guzuri su biyo baya, bencin ya yi tsit. Can wani tsoho ya ce, “Shi ke nan, waɗannan sun zama 'yan gari. A nema musu sarki.” Aka yi dariya, amma gajeriya.

Jibo ba mai magana ba ne a taro. Dije da tarinsa take gane yana nan. Wata Alhamis ana tsakiyar gardamar tanki sai ta ji muryarsa.

“Matar da ya bari fa? An daɗe ba a koma kanta ba.”

“Wace mata?” in ji Ɗan'auta.

“Nawal.”

“Au, mai kukan nan ta farko? Kai Jibo, ana maganar taurari kana maganar mata. Ko kifi ya daina ɗebe maka kewa?”

Aka yi dariya aka koma kan likita. Dije ta lura Jibo ya ɗaga murya fiye da yadda benci ɗaya ke bukata. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta sake shiga, ba ta san abin da ta je ɗauka ba.

Abin da maza suka manta shi ne abin da mata suka riƙe. Su tanki bai dame su ba. A wurinsu wasan na Nawal ne, duk tafiyar nan ta jirgi jinkiri ce kawai kafin a dawo kan mai labarin. Duk Juma'a in Dije ta gama sai wata ta ce, “To, Nawal fa?” Dije ta ce, “Ba a zo kanta ba tukuna.” Da rediyo ya ƙi ba su, sai suka shiga gina mata rayuwa da kansu. Wasu suka ce tana gidan iyayenta, wasu suka ce a'a, mace irin wannan tana ɗakinta. Aka yi musu ko tana da ciki da ya tafi. Lami, matar Ɗan'auta, ta rantse ta ji alamar haka a muryarta, alhali ita a bakin Dije ta ji muryar.

“Ni da ni ce,” in ji Asabe wata Juma'a, “ran da masanin nan ya faɗa min gaskiya, ran nan zan nemi mayafina. Shi masanin ma ba shi da mata ne? Maganarsa ta mai hankali ce.”

“Ke kowane namiji maganarsa ta mai hankali ce,” in ji Lami, “ban da wanda ke gidanku.”

Inna Indo ba ta saba sa baki ba. Ran nan ta tsayar da mazari.

“Kuna ta zuba, ba ku ji abin da anka ce ba. Shi bai san ta daɗe ba. Gare shi jiya-jiya ya bar gida. Mutum na can cikin duhu, ba waya ba ɗan aike, ku kuna nan kuna ɗaura wa matatai aure. In ya dawo ya iske wani cikin ɗakinai, mi za a ce mai?”

Matan suka dubi ƙasa. Dije ba ta ɗaga kai daga gashin da ke hannunta ba.

“Inna, in ya dawo ai ta tsufa,” ta ce. “Ko ma ta mutu.”

“Sai a nuna mai kabarin matatai, ba na matar wani ba.”

“Wa ke ciyar da ita kafin nan?”

“Mai ciyar da tsuntsu.”

“Ba ta da ko ɗa a gabanta, Inna.”

“Wa ya ce miki? Rediyo bai ce ba.”

“Dije,” in ji matar da ake yi wa kitso, “ni ba Madugu ba ce. Sassauta min kaina.”

Aka yi dariya aka watse. Wannan ce magana mafi tsawo da Dije da Inna Indo suka taɓa yi a kan lamarin tun tafiyar Mati, kuma su biyun sun san haka. Da la'asar Dije ta kai wa tsohuwar gahawa, ta karɓa ta ce sukarin ya yi yawa.

Auduga ta ƙare, zafi ya shigo. A bakin kogi masunta suka jawo jiragensu tudu suna toshe ɓarakarsu, suna naɗe koma. Dije ta shiga wani hali. Takan share tsakar gida ta manta ta sake sharewa. Ta taɓa isa kogi da tulu cike da ruwa. In ta fita, idonta na kudu, inda gajimare ke fara taruwa da yamma su watse. Ta shirya maganar da za ta yi wa Inna, gajeriya, mai ladabi, ta maimaita ta a zuci har ta haddace. Duk ran da ta durƙusa gaban tabarmar, abin da ke fitowa shi ne, “Inna, a ƙara miya?”

Sai ta ɗora komai a kan Nawal. In rediyo ya aurar da ita, kuma ba a tsine mata ba, wataƙila zuciyar tsohuwar ta yi laushi. In kuwa aka bar ta tana jira har ta mutu aka yabe ta, to, sai ta ɗauka nata rabon ke nan. Ta san wauta ce. Ta zauna a birni, ta san wasu mutane ne masu albashi ke rubuta abin a takarda su karanta. Sanin bai hana ta jingina da katanga tun kafin a kira la'asar ba.

Da aka sanar cewa Alhamis mai zuwa za a kawo ƙarshen wasan, Asabe ta same ta a madafa.

“An sa ranar tashin lori, Talatar bayan wasan,” ta ce. “Ki saurare ni. In ba su aurar da ita ba, ke ki aurar da ita. Bakinki ne rediyonmu.”

“Lami za ta ji wajen mijinta.”

“Mijin da ya ce wace mata? Lami kuma ki bar ni da ita, kifi biyu ya toshe mata baki.”

“Ƙarya zan yi wa Inna?”

“Duk abin ƙarya ne, 'yar'uwa. Akwai wanda ya taɓa noma a tauraruwa? Ƙaryarsu ta mako-mako ce, taki ta rana ɗaya.”

Dije ta ture itace cikin murhu.

Ranar Alhamis katangar ta ɗau zafi har tana ƙona mata baya, ba ta matsa ba. Aka warware maganar tanki: ashe ba likita ba ne, Ɗan Ƙarfe ne ya huda shi, don ya gano ruwan ya gurɓace kuma ya san ba za a yarda da shi ba. Bencin kanti ya kaure, Ɗan'auta yana cewa a yi shiru. Jirgi ya sauka a tauraruwar, aka ji ƙarar ruwa na gudu da kukan wasu tsuntsaye. Sannan aka gyara na'urar magana da ta lalace tun farkon tafiya, aka ce wa Madugu ga duniya tana saurarensa. Dije ta dafe ƙafarta da hannu don ta tsaya.

Madugu ya yi jawabi mai tsawo. Ya gode wa masanan da suka ƙera jirgin. Ya ambaci waɗanda suka mutu a hanya ɗaya bayan ɗaya, ya ambaci waɗanda suka tsaya a jar duniya, ya yafe wa Ɗan Ƙarfe. Ya ce ƙasar tana da kyau, za su zauna. Kiɗa ya tashi. Dije ta jira kiɗan ya ƙare, ko akwai wani abu a bayansa. Sai wani mutum ya fara karanta labarai.

Juma'a tsakar gidan ba ta taɓa cika haka ba, har da masu leƙe ta kan katanga. Dije ta ba da labarin tanki, ta yi muryar gwangwani, ta yi kukan tsuntsaye. Ta zo kan jawabi. Asabe na zaune gabanta tana kallonta ido cikin ido, tana gyaɗa kai a hankali. Maganar tana kan harshen Dije a shirye: sai aka koma duniya, ga Nawal a gidan masanin nan da jikokinta. Ta dubi tabarma. Inna Indo ta ajiye mazari, ta miƙo wuya, bakinta a ɗan buɗe. Dije ta ji abin da ta ji jiya ya yi mata nauyin da ba za ta riƙe shi ita kaɗai ba, kuma duk cikin taron nan tsohuwar ce kawai za ta san nauyinsa.

“Shi ke nan,” ta ce. “A nan ya ƙare.”

“To, Nawal fa?” in ji Lami.

“Ba su faɗa ba.”

Asabe ta runtse ido. Matan suka fara guna-guni, wata tana cewa ba yadda za a yi, wata tana cewa ko batir ne ya mutu. Muryar Inna Indo ta ratsa su.

“Ɗiyar nan. Kin ce an gyara abin magana?”

“An gyara, Inna.”

“Ya yi magana da duniya, sunka ji shi?”

“Sun ji shi.”

“Ya san shekarun da sunka wuce?”

“Ɗan Ƙarfe ya faɗa masa kafin ya fara.”

“Bai tambaye ta ba?”

“A'a.”

“Ko ki tuna da kyau. Larabcin nan yana da sauri.”

“Na saurara, Inna. Ya ambaci mutum fiye da goma. Ba ta ciki.”

Tsohuwar ta gyara zama. Sannan ta ce, “Uwatai fa?”

“Ba a taɓa cewa yana da uwa ba.”

“Kowa na da uwa,” in ji Inna Indo.

Ta dafa ƙasa ta tashi, ta shiga ɗakinta ta saki labule. Matan suka zame ɗaya bayan ɗaya, har wadda aka yi wa rabin kai ta ɗaura ɗankwali ta ce za ta dawo. Asabe ce ta ƙarshe. A bakin ƙofa ta ce, “Kin yanka kanki da hannunki,” ta tafi.

Ran nan tsohuwar ba ta ci abinci ba. Ranar Asabar ta sha kunu kaɗan, ta zauna a ƙofar ɗaki ba kaɗi ba magana. Da yamma hadari ya haɗo daga kudu, ya yi baƙi, iska ta kaɗa ƙamshin ruwan da ya sauka wani wuri, sannan ya baje. Dije ta wanke abin da ba ya bukatar wanki. Ta yi tunanin zuwa ta durƙusa ta nemi gafara, sai ta rasa laifin da za ta ambata.

Lahadi da safe ta fito daga madafa ta tarar da Inna Indo tsaye a tsakar gida, ta yafa farin mayafinta na zuwa unguwa, sanda a hannu.

“Ɗauko mayahinki,” ta ce. “Ki biya ki ce wa ladan da mai kanti ina kiransu, su iske mu tasha.”

“Ina za mu, Inna?”

“Ke ba ki san inda za mu ba?”

A lorin Sinnar ba wanda ya yi magana sai Ɗan'auta, shi ma da ya ga ba a amsa masa ya yi shiru. Suka jira a barandar kotu har rana ta ɗaga. Da aka kira su, Dije ta faɗi ƙararta da Larabci. Abdulmuttalib da Ɗan'auta suka shaida cewa mijin ya tafi shekaru masu yawa, bai aiko da ci ko sutura ba, ba a san inda yake ba. Alƙalin dattijo ne mai tabarau. Ya tambayi wace ce tsohuwar da ke zaune a ƙasa, aka ce uwar mijin ce. Ya cire tabarau ya dube ta, ya ce a tambaye ta ko tana zaton ɗanta ya rasu ne. Ladan ya juya mata tambayar da Hausa.

“Da ya mutu da na ji a jikina,” in ji Inna Indo. “Yana da rai. Shi ya sa na zo.”

Alƙali ya ce ƙara ta shiga, za a ba da wa'adi a yi cigiya, in ba a ji komai ba su dawo ya yanke hukunci.

A hanyar dawowa Dije ta zauna kusa da tsohuwar tana tare mata rana da gefen mayafi. Sun wuce rabin hanya Dije ta buɗe baki za ta yi magana, tsohuwar ta riga ta.

“Ni ba ni zuwa Rusairis,” in ji Inna Indo ba tare da ta juyo ba. “Kada ki fara.”

“Ban ce komai ba, Inna.”

“Na ji ki kina shirin cewa.”

Kafin magariba labari ya isa bakin kogi, don Ɗan'auta bai ko buɗe kanti ba sai da ya biya ta can. Talata lorin masunta ya tashi. Wa'adi ya cika ba a ji komai ba, alƙali ya raba auren, Dije ta yi iddarta cikin damina a gidan da ta saba. Da hanya ta bushe Jibo ya dawo, aka ɗaura musu aure. A Rusairis ta raini 'ya'yansa biyu, ta haifi nata uku, ta yi kitso har yatsunta suka kanannaɗe. Duk rani takan zo Mai Wurno da busasshen kifi ta yi wata guda, sauran shekara Asabe ke kai wa tsohuwar tuwo tana mita. Inna Indo ba ta bar gidan ba har ta rasu. Mati bai dawo ba, ba a kuma sake jin labarinsa ba.